Ciwon Kan Katanga

Kakar wasa ba ta yi nisa ba aka gwara wa Katanga kai. Abokan karawarsu 'yan tasha ne suka bugo kwana, ya yi tsalle zai cire ƙwallon da ka kamar yadda ya saba, sai ɗan gabansu ya taso a guje, goshinsa ya sami Katanga a gefen hagu, sama da kunne kaɗan. Masu sayar da ruwa a bayan raga sun ce ƙarar ta yi kamar an fasa kwakwa a kan dutse. Shi dai bai ji komai ba. Buɗe ido kawai ya yi ya ga fuskoki sun yi masa rumfa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, wani yana ta marin kumatunsa.

"Katanga! Kai, Katanga! Yatsu nawa ka gani?"

Kocin ƙungiyarsu ne durƙushe a kansa. Katanga ya ga hannaye biyu suna shiga cikin juna suna fita, ya rasa wanda zai ƙirga. Kafin ya buɗe baki, muryar mahaifinsa ta keto hayaniyar 'yan kallo daga bakin fili.

"Tashi mana! Ɗana ba ya kwanciya a fili. Tashi su gan ka!"

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Fili ya kaure da tafi da ihu, alƙalin wasa ya hura usur, aka ci gaba. An ce ya ƙarasa wasan, an ce ma ya ƙara cire wasu ƙwallayen da kan nan nasa kafin a tashi. Da yamma a gida, yana zaune a bakin famfo yana kwance takalmi, ya ɗago ya dubi yayansa.

"Yaya, wai waye ya ci?"

Yaya ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ku ji min ɗan rainin hankali! Mu muka ci mana, ɗaya da nema."

Baba ma ya yi dariya. Inna ce kaɗai ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa.

Ƙungiyarsu ta unguwa ce, a rukuni na uku na gasar shiyya take, inda filaye ba su da ciyawa sai tsakuwa, raga duk ɗinki, 'yan wasa kuma kowa da sana'ar da yake yi da safe. Ƙungiya ɗaya tak ke haurawa rukuni na biyu a ƙarshen kaka, kuma tun da aka kafa tasu ba ta taɓa jin ko ƙamshin wurin ba. A wannan kakar ce aka fara sa rai, saboda dogon saurayin nan ɗan shekara ashirin da ke tsaron baya. Duk ƙwallon da ta tashi sama tasa ce. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, har a gida Katanga ake ce masa.

Baba faci yake yi a wata rumfa daf da ƙofar filin. Shekara da shekaru "mai faci" kawai ake kiransa, a jefo masa taya ko sallama babu. Yanzu kuwa ya zama Baban Katanga. Ranar wasa Ciyaman na ƙungiya da kansa yake sa a ajiye masa farar kujera a ƙarƙashin rumfar manya, ya zo da wankakkun kaya ya zauna yana ɗaga wa mutane hannu. Yaya shi ma ya bar wa abokinsa teburin gyaran waya, ya naɗa kansa manajan ƙaninsa. Aikinsa ɗaukar bidiyon Katanga yana turawa duk lambar da aka ce masa ta wani babba ce a harkar ƙwallo.

Washegari da sassafe Katanga ya yi amai a bayan banɗaki, ya zuba ruwa ya kora. Ciwon kai ya zo ya yi zamansa. Da farko ba mai tsanani ba ne, kamar dai an ɗaure masa kai da igiya ana ja a hankali. Yaya ya sayo masa ƙwayoyi a kemis, ja da fari, ya ce ya riƙa haɗiya kafin tirenin. Suka yi aiki na ɗan lokaci, daga baya sai ya ƙara yawansu, daga baya kuma ko ya sha ko bai sha ba duk ɗaya.

Hasken rana ya fara damunsa. In ya je taya Baba aiki a rumfa, ƙarar injin iska sai ta shiga ta kunnen hagu ta tsaya a bayan idonsa. Suka tafi wasan waje da ƙungiyar 'yan gada, a wata tsohuwar bas, hanya duk ramuka. Kowane rami ji yake wani abu mai nauyi na motsi cikin ƙoƙon kansa, kamar ruwa a jarka. 'Yan wasa na waƙa suna dukan jikin mota, shi ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Suka ce a bar Katanga, addu'a yake yi musu. Aka tashi canjaras. Mako na gaba suka ci ma'aikatan hukumar ruwa, suka hau na biyu a tebur. Duk ƙwallon da ya sa wa kai, sai fili ya yi masa fari fat, sannan mutane su dawo ɗaya bayan ɗaya.

Bai ɓoye ba. Ya gaya wa Yaya, Yaya ya ce gajiya ce. Ya gaya wa Baba, Baba ya ce, "Wane namiji ne ba ya ciwon kai? Ni da nake wuni cikin rana fa?" Da ya gaya wa Inna, ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi, ta ce Allah ya sawwaƙe.

Ran nan da safe suna karyawa a tsakar gida, kofin shayi ya sulale daga hannunsa na dama ya faɗi. Ba wanda ya ture shi. Yatsun ne kawai suka saki, shi kuwa yana kallonsu kamar na wani. Inna ta dubi kofin, ta dubi hannun, ta juya wajen mijinta.

"Malam, don girman Allah ka kai yaron nan asibiti. Ni hankalina bai kwanta ba."

Ba ta saba yi masa magana haka a gaban 'ya'ya ba. Wataƙila shi ya sa ya tashi ya tayar da babur.

Likitar mace ce, mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Ta haska idanun Katanga da ƙaramar fitila, ta sa ya matse yatsunta da hannun dama sannan da na hagu, ta sa ya yi tafiya a kan layin tayil. Ta tambayi yaushe aka buge shi. Da ya faɗa, sai ta ajiye biro.

"Kuma tun lokacin yana wasa?"

"Ba wasan da ya rasa," in ji Baba, yana gyara zama.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Ina zargin jini ne ke taruwa a hankali cikin kansa, yana danne ƙwaƙwalwa. Nan ba mu da na'urar da za ta nuna. Ku je babban asibiti a ɗauki hoton kan, yau ko gobe, kada ya wuce haka. In an gani da wuri, ana cirewa ya warke sarai. Amma ƙwallo, ko tirenin, ko gudu, babu. Bugu ɗaya zai iya kai shi inda ba a dawowa."

Baba ya murza hula a hannu. Can ya ce, "To likita, kamar wasa nawa ke nan zai rasa?"

Ta cire gilashin ta dube shi. "Ni maganar ransa nake yi maka."

A hanyar komawa Katanga na bayan babur, ya rufe ido saboda rana. Sun kusa gida Baba ya rage gudu, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Ka ji ta da bakinta, zargi ta ce take yi. Ba gani ta yi ba. Mutanen nan in ka je musu da ƙaya, sai su ce a yanke ƙafa. Hoto za a yi, ban ce ba za a yi ba. Bari dai a gama kaka."

Inna na tsaye a tsakar gida tana jiransu. Baba ya ce mata hutu aka ce yaron ya riƙa samu. Katanga ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Inna, likitar cewa ta yi jini ne a kaina. Ta ce in na ƙara buga ƙwallo zan iya mutuwa."

Yaya ne ya fara buɗe baki.

"Haba ƙanina, wace irin magana ce wannan? Ka san da wa na yi waya jiya? Mutumin da ke nemo wa babbar ƙungiya 'yan wasa. Ya ga bidiyonka, ya ce zai zo da kansa wasan ƙarshe. In labari ya fita cewa kanka ya taɓu, wa zai ƙara kallonka? Abin da muka daɗe muna nema ya zo bakin ƙofa, sai mu rufe masa? Ko Koci kada ya ji wannan maganar."

"Baba," in ji Katanga, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ni fa tsoro nake ji."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Bai yi tsawa ba. Da ma tsawar ya yi, da ta fi sauƙi.

"Tsoro. Ni na tsufa a durƙushe gaban tayar mutane. Yaron da na yi jika da shi sai ya tsaya a kaina ya ce, kai mai faci, yi sauri. Ban taɓa shiga taro an tashi an ba ni kujera ba sai bana. Unguwar nan kaf ta zuba maka ido. Rai a hannun Allah yake, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake sai ya tafi. In kai ka zaɓi ka mayar da ni inda na fito, shi ke nan."

Ya shige ɗaki ya saki labule. Katanga ya juya ga Inna. Idanunta sun kawo ruwa, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ka yi haƙuri, ɗan nan. Mahaifinka ba zai cuce ka ba. Ni zan yi ta yi maka addu'a."

Damina ta kankama, filaye suka zama taɓo, ƙwallo ta sha ruwa ta yi nauyi kamar dutse. Katanga ya ci gaba da wasa. Kalmomi suka fara guje masa. Zai ce a miƙo masa bokiti, ga bokitin yana gani, ya san shi sarai, amma sunan ya maƙale, sai dai ya nuna da hannu. Barci ya riƙa ɗaukarsa da rana tsaka, a zaune, da abinci a gabansa. Ƙafar dama ta fara jan ƙasa, har gefen takalmin ya cinye. A wasa da 'yan kasuwar katako ya ɗauki ƙwallo ya miƙa wa abokin hamayya a ƙafa, da ƙyar gola ya cece su.

Wata safiya ya saci jiki ya fita shi kaɗai, ya yi niyyar kai kansa babban asibiti. Ya kai mararraba ya tsaya. Motoci na wucewa, rana na sukar idonsa, hanyoyin duk suka zama iri ɗaya. Wani mai haya da babur ya taka birki a gabansa yana washe baki.

"Katanga da kansa! Ranka ya daɗe, ina zuwa? Hau, kyauta ne!"

Ya hau. Mutumin ya sake tambayar ina za su. Katanga ya ga wurin a zuciyarsa, da fararen riguna da dogon baranda, amma sunan ya ƙi zuwa. Ya yi ta motsa baki, ya nuna kansa da yatsa.

"Na gane, na gane!" in ji mai babur yana dariya. "Za a je a wasa kai ke nan. Allah ya ja zamanin kan nan!"

Ya sauke shi a ƙofar filin ƙwallo, daidai rumfar Baba. Baba ya ɗago daga tayar da yake ɗinkewa ya ce, "Yawwa, yau ka yi sammako."

Koci ba makaho ba ne. Wata yamma ya zo gida, suka zauna da Baba a kan benci a waje. Katanga na kwance a ɗaki, taga a buɗe, yana jin komai.

"Baba, yaron nan ba daidai yake ba. Ko akwai abin da ya kamata in sani?"

"Zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi, ka san damina. Mun je asibiti ma, an duba shi."

"Me suka ce?"

"Hutu. Yana kuwa hutawa, ga shi can a kwance."

Koci ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. "To alhamdu lillahi. Tunda ku iyayensa kun ce lafiya, ni wa? Ka san ba ni da kamarsa a benci."

Katanga ya so ya ɗaga murya ta tagar. Ya yunƙura, ɗakin ya juya da shi, ya koma ya kwanta. Kafin jirin ya sake shi, ya ji tashin babur ɗin Koci.

Sau ɗaya ya ƙi. Ranar wasa da 'yan bariki ya ce ba inda za shi. Yaya ya yi lallashi, ya yi zagi, ya ɗauki jakar kayan wasan ya maka da ƙasa. Baba ya sa wankakkun kayansa ya tafi shi kaɗai. Aka ci su biyu, duka da ka, duka daga kwana. Baba ya dawo tun ba a tashi ba. An ce da aka zura ta biyun wani ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo, "Mai faci, ina ɗanka? Ko shi ma iska ta fita?" Mutane suka bushe da dariya, har da na rumfar manya.

Daga ranar Baba ya daina amsa gaisuwarsa. Katanga zai durƙusa da safe, Baba ya wuce kamar ba kowa a wurin. Ya daina cin abincin gidan, Inna ta kai ta ɗauko yadda ta kai. A unguwa matasa suka fara cewa katanga ta rushe. Wasu suka ce sayensa aka yi. Wani ya jefo dutse a kan rufin kwanonsu. Inna ta rame cikin 'yan kwanaki, tana kai da kawowa tsakanin ɗakuna biyu. Ran nan ta same shi kwance ya rufe fuska da riga, ta zauna a bakin katifa.

"Hawan jinin mahaifinka ya tashi, ka sani? Jiya da ƙyar ya kai rumfa. In wani abu ya same shi, me za ka ce wa duniya? Fushin uba ba abin wasa ba ne, ɗan nan. Wasa biyu ne fa suka rage. Ka rufa mana asiri."

Ya janye rigar daga fuskarsa. Yana so ya ce mata shi ma ai nata ne. Ya nemi kalmomin, suka watse kamar kajin da aka jefa wa dutse. Washegari ya je tirenin. Da ya dawo Baba na ƙofar gida, ya ce masa, "Sannu da dawowa," har ya sa hannu ya karɓi jakarsa. Katanga ya ji sanyi a ransa, duk da ya san da me ya biya.

Suka ci wasan da ya biyo baya da ƙyar. Ya rage na ƙarshe, a filinsu, da 'yan kamfanin siminti da ke saman tebur. Wanda ya ci shi zai haura.

Ranar hadari ya haɗu tun da hantsi ya ƙi zubowa, iska ta ɗauke cak. Tun azahar ake jiyo ganguna da ƙaho daga fili. Baba ya riga ya tafi, an ce yau kujera mai hannu Ciyaman ya sa aka kawo masa. Yaya na waje a kan babur yana ta danna hon, yana cewa mutumin babbar ƙungiyar ya iso, ga shi can da jar hula.

Filin ba shi da ɗakin canja kaya, kowa a gida yake shiryawa. Katanga na zaune a bakin ƙofar ɗaki da takalmin ƙwallo a ƙafa. Ya kama igiyar, yatsun dama suka ƙi rufewa. Ya sake kamawa, ta zame. Ya ɗago ya ga Inna tsaye a kansa, ta ga komai. Ya miƙa mata hannun ya buɗe tafin a gabanta, don ta ƙara gani da kyau, ya tsaya yana jira. Ƙofar gidan tana da sakata. Da za ta je ta zura ta, ta tsaya a gabanta, ba wanda zai iya ɗaga ta daga wurin.

Hon ya sake ƙara. Inna ta durƙusa a gabansa, ta ja igiyar ta ɗaure masa, ƙafar dama sannan ta hagu, hawayenta na ɗiga a kan takalmin.

"Yau kaɗai ne," ta ce. "Gobe da sassafe ni da kaina zan kai ka hoton."

Bai taɓa ganin filin ya cika haka ba, mutane har kan bishiyoyi da rufin motoci. Suna ta kiran sunansa, shi kuwa ji yake kamar daga cikin rijiya ake kiran wani. 'Yan siminti sun zo da dogayen 'yan gaba, wasansu duk ta sama. Suka yi ta turowa, yana ta cirewa. Ƙungiyarsa ta zura ɗaya kafin hutun rabin lokaci. A hutun ya yi amai a bayan benci, wani ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Koci ya dube shi, ya dubi rumfar manya, ya dubi agogo.

"Ka daure, saura kaɗan."

Ruwa ya ɓarke. Ana dab da tashi golan 'yan siminti ya ɗaga wata doguwar ƙwallo, jiƙaƙƙiya, ta yi sama har ta kusa ɓacewa, sannan ta fara saukowa. Babu kowa kusa da shi. Ya gan ta biyu, ya zaɓi ɗaya, ya sa kai. Ta koma tsakiyar fili, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Katanga ya yi ɗan taku, ya zauna cikin taɓo a hankali kamar tsoho, sannan ya kwanta rigingine. Ya ji ruwan sama na sauka a kuncinsa na hagu. A na dama bai ji komai ba.

Babu motar asibiti a rukuni na uku. A bayan motar da ta kawo ruwan leda aka shimfiɗa shi. Alƙali ya sa aka ƙarasa ɗan lokacin da ya rage. Sa'ad da likitocin babban asibiti ke aske masa kai za su shiga da shi tiyata, unguwa na can ta ɗaga Ciyaman a kafaɗa, ƙungiya ta haura rukuni na biyu. Mai jar hula kuwa ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa.

Ya rayu. Damina ta wuce kafin a sallamo shi, da dogon tabon ɗinki a gefen kai, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji, ƙafar sai ya ja ta. Hankalinsa na nan garau. Yana gane kowa, yana fahimtar duk abin da ake faɗa, bai manta komai ba. Magana ce ta tafi. Duk abin da ya yi niyyar faɗa, in ya iso bakinsa kalma ɗaya ce ke fita: "To." In ƙishi yake ji, to. In banɗaki yake so, to. Likitoci sun ce wataƙila maganar ta dawo, wataƙila kuma ba za ta dawo ba. Sun kuma ce da an kawo shi tun lokacin da aka ce a kawo shi, da da ƙafarsa zai fita. A gaban gadonsa suka faɗa, Baba da Yaya na tsaye. Ba wanda ya maimaita maganar a gida.

Yaya ya koma teburin gyaran waya. Ƙungiya ta ɗauko sabon ɗan baya daga wani gari. Kujerar Baba kuwa ba a taɓa ta ba, an ce ai shi uban gwarzo ne.

Wata yamma Ciyaman ya zo da Koci da 'yan wasa, ɗauke da kofin gasar, don Katanga ya gani da idonsa. Aka fito da shi tsakar gida aka zaunar a kujera, aka ɗora masa kofin a cinya. Ya fara zamewa, Koci ya riƙe ta gefe, aka ɗauki hoto. Maƙwabta suka cika ƙofa.

"Wallahi Ciyaman, abin da ke ci mini rai ke nan," in ji Baba, hawaye na gaske a idonsa. "Yaron nan akwai zurfin ciki. Ashe yana fama da ciwo, bai taɓa buɗe baki ya gaya wa kowa ba. Da mun sani, wace ƙwallo? Ni da hannuna zan kulle shi a ɗaki. Son ƙungiyar nan ne ya hana shi faɗa."

"Ko ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban sani ba," in ji Yaya, yana kallon ƙasa.

Koci ya gyaɗa kai da sauri. "Ƙaddara ce. Ba wanda ya isa ya tare ta."

Katanga ya juya ido ya nemi Inna. Tana bakin kicin, ta sunkuyar da kai tana goge farantin da ya riga ya bushe.

Baba ya dafa kafaɗarsa. "Ko ba haka aka yi ba, ɗana?"

Jini ya hau wa Katanga fuska. Maganar tana nan cikakkiya a kansa, daga farko har ƙarshe, da kason kowa a ciki. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, hannunsa na hagu ya damƙe hannun kujera, leɓɓansa na rawa. Kowa ya matso don ya ji.

"To," ya ce.

Ya sake yunƙurawa, hawaye na zubo masa. "To. To!"

"Allahu akbar," in ji Ciyaman, yana share ido da bakin riga. "Kun ji ko? Ya karɓi ƙaddararsa. Irin wannan ɗa, Baba, sai an tona."

Suka shafa addu'a. Aka ɗauke kofin daga cinyarsa, don akwai sauran gidajen da za a kai shi.